SHARHI: "Babu Netwok" A Kasuwar Shanu Ta Mubi, Laifin Wane Ne?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanu ta Mubi ranar da take ci, ya san ba ƙaramar dukiya ce take sauya hannu a wurin ba tsakanin hantsi da la'asar. Shanu na shigowa daga Kamaru da Cadi da sauran sassan Jihar Adamawa, dillalai na shiga tsakani, fatake na saye, manyan motoci kuma na yin lodi zuwa biranen kudancin ƙasar nan. A da, da jakunkunan kuɗi ake wannan ciniki. A yau kuwa kaso mai tsoka na kuɗin ta wayar hannu yake bi, ko kuma ta hannun yaran nan masu na'urar POS da ke zaune a bakin kasuwa.

Wannan sauyi ya zo da alheri, domin ya rage wa fatake fargabar 'yan fashi a hanya. Amma ya zo da wata sabuwar kalma da ta zauna a bakin 'yan kasuwa, watau "babu netwok". An yi ciniki, an sallama, an tura kuɗi, an cire su daga asusun mai saye, amma mai sayarwa bai ga alat ba. Direba na jira, rana na yi, shanu na tsaye ba ci ba sha, mutanen da suka shekara ashirin suna hulɗa da juna kuma sun fara kallon juna da ayar tambaya.

Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne, wannan matsala ba ƙaddara ba ce da za a rungume hannu a kanta, kuma sau da yawa ba laifin ƙarfen sabis ɗin da ke bayan gari ba ne. Lissafi ne na kasuwanci da wasu suka yi a ofisoshinsu game da yawan na'urorin da za su tanada da yadda za su raba musu aiki. Tun da lissafi ne, 'yan kasuwa suna da ikon su fahimce shi, su kuma nemi a gyara.

Bari mu bi sawun kuɗin. Idan falke ya latsa wayarsa a Mubi, saƙon yakan hau ƙarfen sabis, ya bi wayar ƙarƙashin ƙasa har ya isa wata babbar kwamfuta ta bankinsa, wadda galibi a Legas take. Irin wannan kwamfuta ita ake kira uwar garke, domin ita ce dubban wayoyi suke bi suna neman hidima. Ita za ta tantance mai asusu, ta duba ko kuɗinsa sun kai, sa'an nan ta miƙa saƙon ga kamfanin NIBSS, wanda Babban Bankin Nijeriya da bankunan kasuwanci suka mallaka, aka kuma kafa shi a 1993 don daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna. Tun 2011 wannan kamfani yake gudanar da tsarin tura kuɗi nan take. Daga nan saƙon zai wuce zuwa uwar garken bankin mai karɓa, amsa kuma ta dawo ta wannan hanya. Ashe ke nan ciniki ɗaya yana ratsa aƙalla gidaje uku, kuma ko wane ne ya cushe a cikinsu, falke da makiyayi ne za su kwana a kasuwa.

Babu lokacin da wannan gaskiya ta fito fili kamar farkon shekarar 2023. A ranar 26 ga Oktoban 2022 ne Babban Banki ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, yana mai cewa daga cikin kimanin Naira tiriliyan 3.2 da ke yawo, fiye da tiriliyan 2.7 suna wajen bankuna. Aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adin tsofaffin takardu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka kai tsofaffin kuɗi, sababbi kuma ba su wadata ba, har kuɗin da ke yawo suka sauko ƙasa da Naira tiriliyan ɗaya a watan Fabrairu. Sai a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

A tsakanin waɗannan makonni, mai tumatir da mai shayi da mai sayar da sa duk suka koma kan waya rana ɗaya. Alƙaluman NIBSS sun nuna cewa yawan tura kuɗi nan take ya tashi daga kusan sau biliyan 5 a 2022 zuwa fiye da sau biliyan 9 a 2023, darajarsu kuma ta tashi daga kimanin Naira tiriliyan 387 zuwa kimanin tiriliyan 600. Manhajojin bankuna da dama suka durƙushe ƙarƙashin wannan nauyi. A daidai wannan lokaci ne sababbin kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka sami ɗimbin abokan ciniki. 'Yan kasuwa ba su karanta wani littafin kimiyya ba kafin su koma can. Sun dai ga inda alat yake shigowa, suka bi.

To, me ya sa wata uwar garken take ɗaukar nauyi, wata take faɗuwa? Hanyoyi biyu ne ake ƙara wa irin wannan tsari ƙarfi, kuma duk wanda ya san harkar sufuri zai gane su. Hanya ta farko ita ce mutum ya sayar da ƙaramar motarsa ya sayi tirela, watau a sayi kwamfuta ɗaya mafi girma da sauri. Wannan hanya tana da sauƙi, domin ba a sauya tsarin aiki. Amma tana da iyaka, kuma farashinta yana hawa fiye da amfaninta: na'urar da ta ninka wata sau biyu a ƙarfi takan fi ninkinta a kuɗi. Bugu da ƙari, ranar da tirelar ta lalace, kaya duka sun tsaya. Hanya ta biyu ita ce a tara motoci matsakaita da yawa, a raba musu kaya, watau a jera kwamfutoci masu matsakaicin farashi, kowace tana ɗauke da kwafin manhaja iri ɗaya. Idan ɗaya ta mutu sauran su ci gaba, idan kasuwa ta cika a ƙaro wasu. Kamar yadda masu iya magana kan ce, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Tarihin masana'antar kwamfuta ma ya tilasta bin hanya ta biyu. A 1965 Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, ya lura cewa yawan ƙananan sassan da ake iya cusawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta yana ninkawa a kai a kai. Shekaru da dama kamfanoni suka saba da cewa idan manhajarsu ta yi nauyi, sai su jira sabuwar na'ura mai sauri. Amma wajen 2004 zuwa 2005 aka ci karo da bango: ƙara saurin ƙwaƙwalwa ɗaya ya koma jawo zafi da shan wuta fiye da kima. Saboda haka a 2005 kamfanonin Intel da AMD suka fito da na'urori masu ƙwaƙwalwa biyu a haɗe, yau kuma uwar garke ɗaya tana iya ɗaukar ƙwaƙwale fiye da ɗari. Sai dai manhajar da aka rubuta ta don ƙwaƙwalwa ɗaya, ita kaɗai za ta yi amfani da ita ko da an ba ta sittin. Kamar mai shago ne da ya ɗauki yara sittin aiki, amma ya ce shi kaɗai zai auna, shi kaɗai zai karɓi kuɗi.

Don rabon aiki ya yiwu, akan sa wata na'ura a ƙofa mai aikin ɗan kamasho a tasha. Duk saƙon da ya iso, ita za ta duba wace kwamfuta ce ba ta cika ba ta tura shi can, kuma tana leƙa lafiyar kowace, wadda ta daina amsawa ta cire ta daga layi. Sharaɗin wannan tsari shi ne kada wata kwamfuta ta riƙe bayanin abokin ciniki a cikinta ita kaɗai. Dole a ajiye shi a rumbun da duka suke gani, domin saƙon mutum na farko yana iya faɗawa hannun wannan, na biyu ya faɗa hannun waccan. Ba sabon ilmi ba ne. Manhajar nginx da Igor Sysoev ya fitar a Rasha a 2004, wadda ake yin wannan aiki da ita a ko'ina a duniya, kyauta ake samunta. Abin da ake saye shi ne gwanintar masu haɗawa da kuma na'urorin da za a jera.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane manajan banki ya rataye a ofishinsa. Tun 1909 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak mai suna Erlang, wanda yake aiki a kamfanin tarho na birnin Kwapanhagan, ya aza harsashin ilmin layin jira. Abin da wannan ilmi ya nuna shi ne jinkiri ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar aiki. A misali mafi sauƙi, a ce na'ura tana gama saƙo ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Idan rabin ƙarfinta ake amfani da shi, saƙo zai ɗauki daƙiƙa 2 har da jira. Idan aka kai kashi 80 cikin 100, daƙiƙa 5. A kashi 90, daƙiƙa 10. A kashi 99 kuwa, daƙiƙa 100. Wannan shi ne dalilin da ya sa manhajar da take aiki lami lafiya da safe take tsayawa cak da azahar, alhali mutanen da suka ƙaru ba su taka kara sun karya ba. Daga nan kuma sai abin ya ci kansa: wanda bai ga amsa ba ya sake latsawa sau uku, sau huɗu, nauyi ya ninka, masu jira su ƙaru. Mai lissafin kuɗin da ya ga na'ura tana aiki da rabin ƙarfinta ya ce an yi asarar rabi, bai fahimci cewa wannan rabin da ke zaune shi ne abin da abokin ciniki yake biya ba.

To amma kada mai karatu ya ɗauka cewa da an jibge na'urori shi ke nan. A 1967 Gene Amdahl, injiniyan kamfanin IBM, ya bayyana iyakar rabon aiki. Idan kashi 5 cikin 100 na wani aiki ba ya rabuwa, dole sai an yi shi ɗaya bayan ɗaya, to na'urori 10 za su ba da saurin da bai kai ninki 7 ba, na'urori 100 su ba da ƙasa da ninki 17, kuma ko an kawo dubu ba za a wuce ninki 20 ba. Masu lodin shanu sun san wannan. Ko 'yan dako nawa aka ɗauka, muddin wurin hawa mota ɗaya ne, ko malamin da ke yanka rasit ɗaya ne, shi ne zai ƙayyade yawan motocin da za su tashi kafin magariba. A banki, wannan malami shi ne babban kundin asusu. Ba zai yiwu kwamfutoci biyu su cire kuɗi daga asusu ɗaya a lokaci ɗaya ba tare da sun san da juna ba, in ba haka ba mai Naira miliyan ɗaya ya kashe miliyan biyu. Maganin da aka sani shi ne a raba kundin kashi-kashi, kowane rukunin asusu da na'urarsa, a kuma ware masu duba ragowar kuɗi kawai zuwa kwafi dabam don kada su tare wa masu biya hanya. Wannan aiki ne mai tsada da ɗaukar lokaci, shi ya sa ake ɗage shi shekara bayan shekara.

Ƙasar nan ta ga wani misali da ba na banki ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, shafin da hukumar zaɓe ta INEC ta tanada don ɗora sakamakon rumfuna fiye da 176,000 bai nuna sakamakon a kan lokaci ba. Washegari hukumar ta ce matsalar ta samo asali ne daga faɗaɗa shafin daga wanda aka saba amfani da shi a zaɓen jiha ɗaya zuwa na ƙasa baki ɗaya. A rahoton da ta fitar a 2024 kuma ta danganta abin da kuskure a yadda aka tsara manhajar wajen karɓar sakamakon shugaban ƙasa. Ba namu ba ne mu shiga muhawarar siyasar da ta biyo baya. Darasin da ya shafi ɗan kasuwa shi ne, tsarin da ya yi aiki a ƙaramin fage ba hujja ba ne cewa zai yi a babba, sai an gwada shi da nauyin da zai ɗauka tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rabon aiki tsakanin na'urori ba ya wadatarwa idan duk a ɗaki ɗaya suke, ko kuma hanya ɗaya ce take kai wa gare su. Mutanen Mubi sun fi kowa sanin darajar ajiye abu a wuri fiye da ɗaya. A ƙarshen Oktoban 2014 garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, aka ƙwato shi a watan Nuwamba, rassan bankuna kuma suka daɗe a rufe. Duk da haka, wanda ya tsira zuwa Yola ko Gombe ya tarar da kuɗinsa a asusu, domin kundin ba a reshen Mubi yake ba. Wannan hikimar ce ya kamata a juya ta ɗaya ɓangaren. A ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka katse a gaɓar Kwadebuwa, harkokin bankuna da dama a Nijeriya suka shiga tangal-tangal. Idan yawancin rumbunan bayanai na ƙasa a birni ɗaya suke, to ƙasar ta zuba ƙwanta a kwando ɗaya ne. Cibiyar ajiye bayanai da kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ya buɗe a Kano a 2023 mataki ne mai kyau, haka nan lasisin da Babban Banki ya ba kamfanin Unified Payments a 2024 don ya zama hanya ta biyu da cinikin POS zai bi, bayan NIBSS da ta riƙe wannan aiki ita kaɗai tun 2011.

Adalci ne mu saurari bankuna, domin suna da hanzari. Na'urorin nan da dala ake sayensu, kuma hayar kwamfuta ta intanet, irin wadda kamfanin Amazon ya fara bayarwa a 2006, wadda take ba kamfani damar ƙara na'urori ranar cunkoso ya mayar da su washegari, galibi ita ma da dala ake lissafinta. Dalar da take kimanin Naira 460 a kasuwar gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura Naira 1,500 a Fabrairun 2024. Ga kuɗin man janareta, ga ƙwararrun matasa da suke barin aiki zuwa ƙasashen waje. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba ya sauya tushen maganar. Idan banki ya yi tsimin kuɗin na'ura, shi ne yake cin ribar tsimin. Idan tsarin ya tsaya, asarar a kan falke take sauka: kuɗin kwanan mota, ramar shanu, cinikin da ya warware, da amanar da ta yi rauni. Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin cewa duk inda mai yanke shawara ba shi ne yake ɗaukar asarar shawararsa ba, zai tanadi ƙasa da abin da ya kamata. Gyaran ba wa'azi ba ne, a mayar da asarar kan wanda ya jawo ta.

Saboda haka muna ba da shawarwari huɗu. Na farko, Babban Banki ya wajabta wa kowane banki da kamfanin biyan kuɗi ya riƙa buga alƙaluman cinikin da ya faɗi da sa'o'in da tsarinsa ya tsaya kowane wata, a jaridu da rediyo, har da Hausa. A kuma karanta alƙaluman da idon basira. Wanda ya ce tsarinsa yana aiki kashi 99 cikin 100 ya amsa ke nan cewa yana tsayawa fiye da kwana uku da rabi a shekara. Kashi 99.9 kuwa kusan sa'o'i 9 ne, kashi 99.99 ƙasa da sa'a ɗaya. Kuma sa'a ɗaya ranar kasuwa ko jajibirin Sallah ba daidai take da sa'a ɗaya ta tsakar dare ba.

Na biyu, a aiwatar da ƙa'idojin da aka riga aka kafa. A 2018 Babban Banki ya sa tarar Naira 10,000 a kan duk kuɗin da aka tura suka maƙale ba a mayar wa mai su cikin sa'o'i 24 ba, a 2020 kuma ya rage wa'adin warware cinikin POS da ya faɗi zuwa sa'o'i 72. Ƙa'idar da talaka bai san da ita ba, kuma ba a ga wanda ta kama ba, ado ce kawai a takarda.

Na uku, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a garin a 2002, su ba wannan fanni muhimmanci. Ba ya buƙatar kayan miliyoyin Naira kafin a fara. Tsofaffin kwamfutoci huɗu da manhajojin kyauta sun isa ɗalibi ya koyi raba aiki, ya kashe ɗaya da gangan ya ga ko sauran za su ɗauka. Ƙasar da take neman rage amfani da tsabar kuɗi tana buƙatar irin waɗannan hannaye kamar yadda take buƙatar likitocin dabbobi.

Na huɗu kuma na 'yan kasuwa ne da kansu. Dabarar da injiniyoyi suke yi wa na'urori, falke ma ya yi wa kansa. Ya buɗe asusu a wurare biyu da ba su dogara da juna ba, ya riƙe layukan waya na kamfanoni biyu, ya raba babban biya kashi biyu ko uku, kuma idan saƙo ya yi jinkiri ya duba asusunsa kafin ya sake turawa. Ƙungiyoyin dillalai da fatake kuma su riƙa rubuta kowane cinikin da ya maƙale, da ranarsa da adadinsa da kwanakin da ya ɗauka, domin ranar da za su zauna da manajojin bankuna su je da littafi a hannu, ba da ƙorafin baki ba.

Kasuwar Mubi ta rayu shekaru masu yawa a kan amana: kalmar dillali, musafahar mai saye da mai sayarwa. Yanzu an sa na'ura a tsakanin waɗannan hannaye biyu, kuma waɗanda suka sa ta suna karɓar lada a kan kowane ciniki. Wanda ya karɓi ladan dillanci kuwa, wajibi ne ya tsaya har a kammala ciniki, musamman ranar da kasuwa ta cika.